Noman da Na Yi a Dajin Kanada

Kwas na wata tara kan awon daji ya kai ni Kanada, a farkon shekarun tamanin, lokacin muna jihar Kaduna. Sharaɗin ma'aikatarmu bai da ɓoyo. In na dawo da takardar kammalawa, za a ɗaga ni daga mataimaki zuwa jami'in gandun daji mai riƙe da yankin Malumfashi. In na dawo hannu rabbana, in koma inda na fito. Shekarata goma sha biyu ke nan ina mataimaki, ina bin dazuzzukan Tsiga da Gozaki da Maska a kan keke, ina koya wa yara aiki suna wuce ni saboda suna da takarda. Don haka ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, takardar nan na je nema.

Zangona na farko birni ne, inda makarantar take. Wata huɗu na yi a aji. Abin da ya fara ɓata mini rai shi ne neman ɗaki. Gida uku na buga waya aka ce akwai ɗaki, ina isa ƙofa aka ce yanzun nan wani ya kama. A gida na ukun ma allon neman ɗan haya na nan rataye a taga, matar gidan tana kallonsa, tana kallona, ko kunya ba ta ji ba. Daga ƙarshe na samu wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa kusa da tukunyar ɗumama gida. Abinci kuwa burodi da ƙwai da gwangwanin kifi, don duk abin da na ɗauka a kanti sai in tsaya ina karanta bayansa ina neman sunan alade. Na yi kewar tuwon dawa har ina jin haushin kaina, babban mutum mai 'ya'ya uku yana mafarkin miyar kuka.

Karatun bai ba ni wuya ba. Malaminmu, Dokta Haris, mutum ne dogo mai magana cikin hanci, ya shafe makonni yana bayanin yadda daji ke maye gurbin kansa. In iska ko tsutsa ta kayar da babbar bishiya, sai sarari ya buɗe a sama, rana ta sauko ƙasa. Ciyawa da ƙaya ke fara fitowa, sai itatuwa masu son rana, sai masu jure inuwa su taso a ƙarƙashinsu sannu a hankali har su danne kowa. 'Yan aji suna ta rubutu kamar an saukar da sabon ilmi. Ni kuwa ina zaune ina cewa a raina, wannan ai saura ce. Duk wanda ya taɓa barin gona ta huta a Gozaki ya san ƙyasuwa da tofa ke fara cinye ta, sannan kalgo da geza, sai an jima marke da taura su ɗago kai. Na ɗaga hannu sau ɗaya na faɗi haka. Dokta ya ce abin sha'awa ne, ya duba agogo, ya ci gaba. Ban sake ɗaga hannu ba.

Da ƙanƙara ta narke aka raba mu aikin daji, wanda shi ne rabin makin kwas ɗin. Ni aka tura ni wani sansani can arewa, tafiyar yini guda a jirgin ƙasa da rabin yini a mota. Wanda ya tarye ni a tasha wani tsoho ne mai suna Mikola, shi ne direban sansanin kuma shi ne kuku. Iyayensa manoma ne da suka yi ƙaura daga wata ƙasa ta gabashin Turai, Turancinsa ma a karye yake kamar nawa. Ya dubi takalmina na zuwa ofis ya girgiza kai. Muna isa ya shiga ɗaki ya fito da wasu manyan takalman roba da hula mai raga, ya ce na ɗansa ne, in sa. Sai washegari na san darajar hular, da na haɗu da wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo har jini ya fito. Sauron Funtua na damina ɗan wasa ne a kansu.

Mu uku ne a sansanin: ni, da Mikola, da wani ɗalibin Dokta mai suna Filib, saurayi mai jan gemu wanda aka ɗora wa nuna mini aiki da tafiya tare da ni kullum. Dokta kansa yana birni, sai bayan mako biyar zai leƙo. Ranar farko Filib ya kai ni cikin dajin. Itatuwan iri biyu ne a gauraye, masu ganye kamar allura waɗanda ba sa kaɗewa, da wasu farare masu ɓawo kamar takarda. Ya nuna mini sarari goma sha biyu inda manyan itatuwa suka faɗi, kowanne an kafa masa turaku an ja igiya. A ciki akwai 'yan itatuwa masu tasowa, kowanne da lambar ƙarfe a wuya. Aikina in auna tsawon kowanne da kaurinsa, in sa wa sababbin tsiro lamba, in tsaya a tsakiya da wani ɗan madubi mai zane-zane in duba yawan sararin da ya rage a sama, in rubuta. Bayanin duka bai kai rabin awa ba. Ya miƙa mini tef ɗin awo da littafi da adda ta share hanya, ya ce yana da wani aiki a bakin tafki. Aikin nan kamun kifi ne, kuma shi ya yi ta yi har mako biyar.

Na shiga sarari na ɗaya ni kaɗai. Wata ƙaya mai jajayen 'ya'ya ta rufe ko'ina har ƙugu, ga ciyawa, ga wasu tsire-tsire masu faɗin ganye. Lambobin ma sai na durƙusa na yi ta lalube kafin in gan su. 'Yan itatuwan masu allura suna can ƙasa a shaƙe, sun yi rawaya, wasu biyar shida a cunkushe wuri guda. Ni ɗan manomi ne. Tun ban kai tsawon ƙotar fartanya ba na san mutum ba ya ganin shuka a cikin ciyawa ya wuce. Kuma a wurin aikinmu na gida, in an ba ka fili mai turaku da lambobi, ai renonsa aka ba ka, in oga ya zo ya tarar da ciyawa kai ne malalaci. Ban ma tsaya tunani ba. Na gama awo, na sa adda na sassabe ƙayar, na cire ciyawar da hannu, na rage cunkoson kamar yadda ake rage dawa, a bar biyu masu ƙarfi a kowane gurbi. Na tattara sharar na kai bayan igiya. Da na miƙe na duba, wallahi sai da raina ya yi fari.

A kwana na huɗu Filib ya biyo ta wurin da sandar kifinsa a kafaɗa. Ya tarar da ni a durƙushe a sarari na biyu, hannuna duk jini saboda ƙaya. Ya tsaya, sannan ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya ciro kyamara ya ɗauke ni hoto. Na tambaye shi ko aikin ya yi. Ya ɗaga mini babban yatsa ya ce, "Ya yi kyau, Sule, ban taɓa ganin irinsa ba." Ya wuce abinsa. Na ɗauka yabo ne, na ƙara ƙaimi.

Cikin wannan aiki azumi ya kama. A can kuwa rana ba ta san faɗuwa ba, sai mutum ya yi awa goma sha takwas bai sa komai a baki ba. Ina da damar ajiyewa a matsayin matafiyi, amma na ga zama ne na wata da watanni, na ƙi. Mikola bai san azumi irin namu ba, amma da ya gane, sai ya ware mini tukunya da cokali waɗanda alade bai taɓa ba, kullum ya ajiye mini kifi da dankali a rufe. Wata rana ya biyo ni daji da motar ɗaukar itace, ya ga sararin da na gyara. Ya zagaya shi a hankali, ya tsuguna ya taɓa ƙasa, ya ce rabonsa da ganin aikin hannu mai tsabta haka tun mahaifinsa na da rai. Shi ma bai san an yi ɓarna ba, ba a taɓa gaya masa abin da ake nema a filayen ba, shekara tara yana yi wa masu awon dajin girki. Da ƙishirwa da ƙudaje na gama sarari bakwai, uku daga ciki har na yi musu maimai.

Ranar da Dokta Haris ya iso, ni na matsa a fara zuwa daji kafin ya huta. Ina gaba yana biye, Filib na can baya yana jan ƙafa. Muka fito sarari na ɗaya, na ja gefe don ya gani da kyau. Mutumin nan ya tsaya kamar an dasa shi. Fuskarsa ta yi ja, ta koma fari. Ya tambaya wa ya yi wannan, na ce ni ne, har da ɗan murmushina. Sai ya zauna a kan kututture ya dafe kai.

A nan na fara jin abin da ya kamata a gaya mini tun ranar farko. Filayen nan shekara tara ana auna su ba a taɓa ko ganye ɗaya ba. Duk amfaninsu shi ne a ga abin da daji zai yi da kansa in babu hannun mutum: ƙayar za ta kashe 'yan itatuwan ne, ko za su fasa ta su fito, kuma cikin shekara nawa. Ƙayar da na sassabe tana cikin abin da ake aunawa. Waɗanda na cire don rage cunkoso, so ake a ga wanne zai kashe wanne. Na rusa bakwai cikin goma sha biyu, kuma ba a gyara irin wannan sai dai a sake jiran wata shekara tara.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban ɓoye laifina ba. Amma kunyar ba ta daɗe ba haushi ya taso ya danne ta. A bayan Gozaki akwai wani kurmi na Maguzawa da ba a karya ko tsinke a cikinsa, yaro ƙarami ma ya san haka, domin an gaya masa. Da Filib ya buɗe baki ya ce mini wurin nan kamar wancan ne, kalma biyar, da ko numfashi sai na yi a hankali a cikin igiyar. Na juya na ce wa Dokta, Filib ya gan ni tun kwana na huɗu, ya ce ya yi kyau, har hoto ya ɗauka. Filib ya dubi ƙasa ya ce shi bai tuna ba. Ya ce ya yi mini bayani dalla-dalla a ranar farko, wataƙila Turanci ne ya yi mini nauyi. Ni da na ci jarrabawar ajinsu da maki sama da nasa, yau ni ne ba na jin Turanci.

Aka mayar da mu birni. Mikola ya kai ni tasha, ya ce in an kira shi ba da shaida zai faɗi inda Filib yake yini kullum, don shi yake soya kifin. Ya cusa mini ƙunshin burodi da kwalbar zuma a jaka, ya ƙi karɓar takalman ɗansa. Ba a kira shi ba. Da na nemi a kira shi, aka ce ai shi kuku ne, ba ya cikin ma'aikatan bincike. Da na nemi a kawo hoton, aka ce fim ɗin ya lalace wurin wanki.

Mako uku ina zaman jira a ɗakina na ƙarƙashin ƙasa, ba aji ba daji. 'Yan kwas ɗinmu da suka dawo suna ganina a hanya suna sunkuyar da kai, labari ya riga ya zaga cewa wani ɗan Afirka ya nome dajin Dokta. Wani ma ya tambaye ni, wai da wasa, ko na shuka masara a ciki. Na rubuta wa maiɗakina wasiƙa na ce komai lafiya, sanyi ne kawai. Wannan ita ce ƙaryar da na yi a tafiyar, kuma har yau tana damuna.

Ranar da aka kira ni ofis, Dokta Haris shi kaɗai ne. Ya ba ni kujera, ya zuba mini shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi magana mai laushi. Ya ce ya san ban yi da mugunta ba, ya ce ya duba littafina ya ga awona ya fi na kowa tsabta. Sannan ya ce masu ba da kuɗin binciken suna son bayani a rubuce, kuma in aka ce ɗalibinsa ya bar baƙo shi kaɗai mako biyar, za a rufe aikin gaba ɗaya, Filib kuma ya rasa digirinsa. Ya turo mini takardu biyu a kan tebur. Ɗaya takardar kammalawa ce, da sunana a buge da hatimi, saura sa hannunsa kawai. Ɗayar kuma 'yar gajeruwa ce, tana cewa ni Sule an yi mini cikakken bayani, an gargaɗe ni sau biyu kada in taɓa tsiron filayen, na yi gaban kaina.

"Ka sa hannu a wannan, in sa hannu a waccan," in ji shi. "Ba wanda zai karanta ta a ƙasarku."

Na daɗe ina kallon sunana a takardar. An rubuta shi daidai, har da sunan mahaifina. Na tuna shekara goma sha biyu a kan keke. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, hannuna ya kai kan biron. Abin da ya tsayar da ni kalmar nan ce ta "sau biyu". Ba su ma tsaya a sau ɗaya ba. Sun zauna sun ƙirƙiro gargaɗi har biyu, sun mayar da ni mutumin da ake gaya wa magana ya take, don yaron da ya yini yana kamun kifi ya fita fes.

Na ce masa, "Dokta, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rubuta cewa na yi ɓarna da rashin sani, in sa hannu sau goma. Rubuta cewa na nome fili bakwai, ni na nome su. Amma ba a gargaɗe ni ba, kai ma ka sani."

Sai da na fassara masa karin maganar, bai yi dariya ba. Ya ce ba shi da wata takardar sai wannan. Na ce to ni ma ba ni da wani hannun sai wannan. Ya ja takardar kammalawar ya sa a aljihun tebur ya rufe. Ya ce za a ba ni wasiƙar da ke nuna na halarci kwas, ban cika aikin daji ba. Ya miƙo hannu mu yi sallama, na ɗauki hulata na fita. Shayin ma ban taɓa shi ba.

Na sauka Kano da wasiƙar halarta da takalman roba. Kwana biyu a gida na wuce ofis wurin ogana, Alhaji Mamman, mutumin da ya yi ta kai da kawo har sunana ya shiga jerin masu tafiya. Ya tashi ya rungume ni, ya sa aka kawo lemo, ya ce in ba shi takardar ya sa a fayil tun yau. Na ba shi abin da na zo da shi. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau. Na kwashe labari tun daga ƙaya har zuwa shayi na gaya masa, ina jiran ya taya ni jin haushi.

Da na gama ya ce, "Malam Sule, sa hannu kawai? Don Allah sa hannu kawai ya hana ka? Mu nan wace rana ce ba mu sa hannu a kan abin da ba mu gani ba? Kai wane irin mutum ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya ce aka rubuta."

Ya ce, "To ai ga gaskiyarka nan, sai ka sa ta a fayil."

Wannan maganar ta fi ta Dokta yi mini ciwo, don shi Dokta baƙo ne. Ba a kore ni ba, amma an ce na ɓata wa ma'aikata gurbi, ba za a sake tura ni ko Zariya ba. Aka ba ni shingen duba motocin itace a hanyar Funtua zuwa Maska, da rumfar kara da benci ɗaya. Shekara goma sha ɗaya na yi a wurin. Akwai ranakun da na yi alfahari da abin da na yi, akwai kuma ranakun da na zagi kaina, musamman in yara sun tambaye ni yaushe za a ba mu gidan gwamnati.

Kujerar Malumfashi kuwa wani yaro aka ba mai suna Sande, ɗan wani mai shagon kayan keke daga kudu, haifaffen Funtua, wanda ni na koya masa riƙe tef. Yaron kirki ne, ba shi da laifin komai. Ni na fara zuwa yi masa murna ranar da ya kama aiki. Yana ganina ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa idonsa, ya jawo kujerar tasa ya ce, "Baba Sule, don Allah zauna."

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, na bar shinge ba kowa."